Saƙo Aka Ba Ki, Auta

Auta, ɗiyar ƙanena,

Babanki ya leƙo ni jiya bayan la'asar. Muka gaisa, ya sha ruwa, sai ya yi shiru yana kallon tabarma. Na san wannan shirun tun yana yawo ba wando. Da na matsa masa, sai ya ce kin sake sayen fam ɗin jarrabawar JAMB, amma tun fitowar sakamakon bara ba ki da walwala. Wai Turanci ne ya ja ki ƙasa. Wai kin ce kina karanta rubutun da suke bayarwa, ki ga kamar kin gane, amma da kin zo zaɓen amsa sai duka huɗun su yi miki kama da gaskiya.

Na yi murmushi. Ba na raini ba ne, 'yata. Na fi shekara talatin ina shaƙar ƙurar alli a makarantar 'yan mata. Wannan kukan na ji shi a bakin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Wasunsu yau su ke duba ni in na je asibiti. To, share hawayenki ki matso kusa.

Ki fara sanin ba ke kaɗai ba ce. A 2025 mutum kusan miliyan biyu suka zauna wannan jarrabawa. Sakamakon da hukumar JAMB ta fara fitarwa ya nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ban faɗa miki don ki miƙe ƙafa ba. Na faɗa ne don ki daina yi wa kanki kallon daƙiƙiya. Ciwon na gari ne. Yana da magani, sai dai ba irin na sha yanzu magani yanzu ba ne.

Kin tuna ranar da na aike ki gidan maƙwabciyata, kina 'yar shekara bakwai? Na ce ki gaishe ta, ki ce in ta sami sarari gobe da yamma ta leƙo ni. Kika kwasa da gudu. Ba a yi minti biyar ba sai ga baiwar Allah ta faɗo gidan nan, mayafi a hannu, takalmi wari da wari, tana salati. Ta ɗauka mutuwa aka yi. Ashe cewa kika yi, “Gwaggo ta ce ki zo yanzu-yanzu.” Ba ƙarya kika shirya ba. Kin ji “zo”, kin riƙe shi gam. “In ta sami sarari” ya zube a hanya. “Gobe da yamma” ya faɗi a zaure. “Yanzu-yanzu” kuwa daga aljihunki kika ƙara. Ranar mun yi dariya har da hawaye, ke kuwa kina ta kumbura baki.

Abin da ya same ki a ɗakin jarrabawa ke nan. Auna fahimta aike ne. Wani ya rubuta magana ya damƙa miki. Mai jarrabawa yana tsaye a ƙofa yana tambayarki, me ya ce? Bai tambaye ki abin da kika sani ba. Bai nemi ra'ayinki ba. Ɗan aike na gari ba ya ƙari, ba ya ragi. Ba ya kuma gyara wa wanda ya aiko shi magana, ko da a ransa yana ganin an yi kuskure.

Bari in shimfiɗa miki yadda abin yake, don wanda bai san faɗin gona ba bai san yawan irin da zai ɗauka ba. Darussa huɗu za ki rubuta, Turanci dole ne a ciki. Tambayoyi 180 ne gaba ɗaya, a cikin awa biyu. Turanci yana da 60, sauran ukun 40 kowanne. A cikin sittin ɗin nan, manhajar hukumar ta ware biyar ga matanin auna fahimta, goma ga cike gurbi, goma ga littafin da aka sa ku karanta. Ashirin da biyar ke nan, duk na karatu da ganewa. Sauran na ma'anar jimla ne, da kalmomi masu ma'ana ɗaya, da kishiyoyi, da nahawu, da furuci.

Za ki ce, to Gwaggo, tambaya biyar kacal ce ta sa kike wannan dogon bayani? A'a. Ki duba da kyau. Cike gurbi ba ya yiwuwa sai kin gane inda maganar ta dosa. Fassara jimla fahimta ce. Zaɓen kishiyar kalma ma a cikin jimla ake ba ki ita. Sannan tambayar Kimiyya ko ta Gwamnati da wane harshe aka rubuta ta? Na sha ganin yarinya ta san amsar lissafi sarai, amma ta faɗi, saboda ba ta gane abin da aka ce ta nemo ba. In kin gyara karatunki, duka darussan huɗu za su ji a jikinsu.

Kin san a tafsirin azumi akwai alaramma mai jan baƙi, akwai malam mai fassara. Kowanne da darajarsa. To, makarantunmu na boko da yawa jan baƙin Turanci suke koyarwa, su tsaya nan. Malama ta karanta, aji ya amsa da murya ɗaya. Yaro ya miƙe ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba, a tafa masa. Ka ce ya rufe littafin ya gaya maka abin da ya karanta, sai ya fara sosa ƙeya. Ni ma na yi wannan kuskuren a farkon aikina, Allah ya yafe mini. Ina jin daɗin zaƙin muryarsu, ban tsaya na ji ko maganar ta shiga ba. Kwamfuta kuwa ba ta jin murya. Fassara take so.

Yanzu bari in nuna miki yadda ake kafa tarkon. Zan yi miki da Hausa, don ki gane matsalar ba duka ta Turanci ba ce. Ga ɗan matani na tsara miki:

“Yawancin manoman wani ƙauye sukan sayar da hatsinsu da kaka, lokacin da farashi ya faɗi. Wasu mutane na cewa rashin tattali ne. Amma duk wanda ya zauna da su ya san bashin takin da suka ci da damina ne ke tilasta musu, ga kuma rashin wurin ajiya mai kyau.”

Tambaya: a ganin marubucin, me ya sa manoman ke sayar da hatsi da kaka? Amsa ta farko ta ce rashin tattali. Ta biyu ta ce hidimar biki. Ta uku ta ce duk manoman ba su da rumbu. Ta huɗu ta ce matsin bashi da ƙarancin wurin ajiya.

Ta farkon tana cikin matanin, kalma da kalma. Idonki zai gan ta ya yi farin ciki, kamar kin haɗu da 'yar garinku a tasha. Amma wa ya faɗe ta? Wasu mutane. Marubucin ya kawo ta ne don ya ture ta. Wanda ya zaɓe ta ya kai saƙon wani daban.

Ta biyun gaskiya ce a duniya. Ni da ke mun san da kaka ake ɗaura aure, kuma buhuna da yawa a nan suke tafiya. Sai dai marubucin bai ambaci biki ba. Wannan tarkon yara masu wayo yake kamawa, waɗanda suka san duniya. Saninsu ne yake ruɗinsu. Ki ajiye saninki a ƙofa tare da jakarki, za ki same shi in kin fito.

Ta ukun an zuba mata gishiri. Marubucin ya ce yawanci, ita ta ce duka. Ya ce rashin wurin ajiya mai kyau, ita ta ce babu rumbu sam. Irin “yanzu-yanzu” ɗinki ce. Duk amsar da kika ga ta cika baki, tana cewa kullum, ko duka, ko ba a taɓa ba, ki koma ki duba ko marubucin ma ya cika bakin haka. Sau da yawa bai cika ba.

Ta huɗun ce saƙon. Ki lura ba ta zo da tufafin da kika gan ta da su a matanin ba. Ba ta ce tilasta ba, ta ce matsi. Haka amsar gaskiya take yawan zuwa, ta sake riga. Ta ƙarya ce ke aron rigar matanin. Kama da wane ba ta wane, Auta.

Kin ga dai abin da ya raba mu da tarkon farko kalma ɗaya ce ƙarama: amma. Irin waɗannan ƙananan kalmomi su ne linzamin magana. A Turanci za ki gamu da but, da however, da although, da yet, da on the contrary. Duk inda kika gan su, ki rage gudu, an zo kwana. Abin da ya biyo bayansu galibi shi ne zuciyar marubucin. In kika ga therefore ko consequently, ya zo yanke hukunci. In kika ga for instance, misali yake kawowa, kuma misali ɗan rakiya ne, ba shi ne angon ba. Yara da yawa in an tambaye su jigon matani sai su zaɓi misalin, don shi ya fi daɗin tunawa.

Akwai kuma waɗanda ke laɓe a cikin tambayar kanta. NOT da EXCEPT. Wani lokaci har da manyan baƙaƙe ake rubuta su, amma ido mai sauri ya tsallake. An ce ki nemo wanda ba ya ciki, ke kuma kika ga na farko yana ciki, kika danna, kika wuce kina murna. Sauri ya haifi nawa. Ki karanta tambaya har ƙarshenta. Ki karanta amsoshin huɗu duka, ko da ta farkon ta yi miki murmushi.

Sai 'yan kalmomin nan masu nuni, it, da they, da this, da which. In kin gamu da ɗaya, ki tambayi kanki, wa ake nufi? Kamar a tsakar gida ne a ce “ita ce ta ce ta gaya mata”. In ba ki san wace ce wace ba, sai ki haɗa faɗa.

Na san abin da ke cin ranki. Manyan kalmomi. Kina cikin karatu sai ki ci karo da wata doguwa mai kama da sunan magani, gabanki ya faɗi, sauran layin ya bi ruwa. Kada ki tsaya kanta. Ba wanda ya san duk kalmomin Turanci, har waɗanda suka sha shi a nono. Ki wuce, ki karanta maƙwabtanta. Kalma kamar baƙo ce a unguwa, in kin ga gidan da ya sauka da waɗanda yake zama da su, za ki san ko wane iri ne.

Wadda ma kika sani ita ta fi haɗari. Ɗauki “baki” a harshenmu. Bakin kogi daban, bakin wuƙa daban. Ya sa baki a maganar, bakinsu ɗaya, ta yi masa baki. Kalma ɗaya ce, amma ba Bahaushen da zai rikice, domin zaman kalmar yake kallo. Turanci ma haka yake. Capital tana iya zama babban birni, tana iya zama jari, tana iya zama babban baƙi a farkon jimla. In an ce miki me kalma kaza take nufi kamar yadda aka yi amfani da ita a matanin, ma'anar da kika haddace tun firamare tana nan cikin amsoshin tana jiranki. Ki ɗauki kowace amsa ki sa ta a gurbin kalmar, ki karanta jimlar a zuci. Wadda ta zauna daram ba ta karkata ba, ita ce.

To, duk wannan dabarar ɗakin jarrabawa ce. Dabara kuwa ba ta maye gurbin ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai ɗaga makinki da gaske a gida ake yin sa, a kan tabarma, kullum.

Ga abin da nake so ki yi. Kowace rana ki sami rubutu ɗaya na Turanci mai ɗan nauyi. Sharhin jarida ya fi, irin na Daily Trust ko wata makamanciyarta, domin a nan ne marubuci yake kafa hujja yana rushe ta wani. Ki karanta sakin layi ɗaya. Ki ɗaga kai. Ki faɗa da Hausa, a jimla ɗaya, abin da ya ce. In kin kasa, ba ki gane ba, ki koma. Kada ki yaudari kanki da “na dai gane, faɗar ce ke da wuya”. Abin da aka gane yana faɗuwa. In kin gama duka, ki je wurin kakarki ki ba ta labarin. Tsohuwar nan ba ta san A ba, amma ba a yi mata kwana-kwana. Za ta ce, to shi mai rubutun yana goyon bayan abin ne ko yana suka? Wannan tambayar tata ita ce JAMB ke yi in ta tambayi halin marubuci ko sautin maganarsa.

Wata dabara kuma. Da safe babanki yana kunna BBC Hausa. Ki saurara tare da shi. Labarin da kika ji da Hausa, ki nemo shi da Turanci ki karanta. Kin riga kin san hanyar, sai kalmomin su riƙa faɗo miki da kansu. Ta haka za ki san kalmomin kotu, da na asibiti, da na banki, da na noma, da na wasanni. Cike gurbi yana son wannan ƙwarai, domin yakan ɗauko fanni guda ya ce ki zaɓi kalmar da masu wannan sana'a ke faɗa.

Kada ki tsaya kan abin da kike so kaɗai. Matanin da za su ba ki zai iya zama labari, ko siffanta wani abu, ko bayani, ko jayayya. Ba ki san wanda zai faɗo miki ba. Ranar da kika ga rubutu kan zaizayar ƙasa ko harajin kaya kika ji hamma ta taso, to ranar ce ta motsa jiki. Ki daure ki kai ƙarshe.

Ki sayi ɗan littafin rubutu mai arha. Kalma biyar a rana ta isa. Amma kada ki rubuta kalma tsirara da ma'anarta. Ki kwafo jimlar da kika same ta a ciki. Ki fara cankar ma'anar, sannan ki buɗe ƙamus ki ga ko kin dace. Biyar a rana, a wata uku kin haura 400. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Masu haddace jerin kalmomi ɗari a dare ɗaya kuwa, kamar ɗibar ruwa ne da kwando.

Da farko za ki riƙa juya kowace jimla zuwa Hausa a cikin kanki kafin ki gane. Ba laifi. Kowa da rarrafe ya fara. Sannu a hankali za ki ga kin wuce layi uku ba ki juya ba, kuma kin gane. Ranar da haka ta faru ki zo ki gaya mini, akwai tukuici.

Na ji an ce babanki yana yi miki faɗa kan littattafan Hausa da kike karantawa a waya har tsakar dare. Faɗan tsakar daren ina bayansa. Amma karatun kansa ban ga aibinsa ba. Yarinyar da za ta bi labari mai babi sittin, ta riƙe sunan kowace kishiya, ta gane mai makirci tun kafin marubuciya ta tona shi, wannan ta iya karatu. Ta san abin da aka faɗa da wanda aka bari a ƙarƙashin harshe. Mu da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam muka koyi zama da littafi, kuma zaman ne ya bi mu har cikin Turanci. Wannan idon da kike gane munafuka da shi a labarin soyayya, shi za ki ɗauka ki kai kan matanin jarrabawa. In sun ce me za a iya fahimta daga maganar marubuci, abin da ya bari a ƙarƙashin harshe suke nema. Sai dai ki tsaya kusa. Taki ɗaya daga abin da ya faɗa, ba tafiyar kwana ba.

Sai batun littafin da ake sa ku karantawa. An yi Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi. An yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli daga 2021 zuwa 2024. A 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Ki tabbatar da wanda aka sa a shekararki. Tambaya goma ce a kansa, kuma ita ce kaɗai gonar da aka nuna miki iyakarta tun kafin ranar. Amma me yara ke yi? Su nemi taƙaitawar da wani ya yi a shafi biyu, su haddace. Zuwa da kai ya fi aike, 'yata. Mai taƙaitawa ma ɗan aike ne, wa ya san abin da ya zubar a hanya? Littattafan nan ba su da kauri. Ki karanta sau biyu. Na farko don daɗi, na biyu da biro a hannu, kina rubuta wa ya yi me, a ina, don me. Jifa ɗaya tsuntsu biyu: kin sami makin littafin, kin kuma yi atisayen karatu.

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani, in an san yadda ake cin su. Yawanci yara suna amsawa, su duba bayan littafi, su ƙirga, su ce na ci bakwai cikin goma, su wuce. An bar nama an tsotsi ƙashi. Ukun da kika faɗi su ne malamanki. Ki zauna da kowace. Me ya ja ni ga wannan amsar? Rigar matanin ta ara? Sanina na waje ne ya shigo? Gishiri ne ban lura ba? Ko NOT na tsallake? Ki rubuta dalilin. Bayan mako biyu ki duba, za ki ga rami ɗaya ne ko biyu kike ta faɗawa. Kowa da nasa ramin. In kin san naki, kin yi rabin aiki. Wanda kika ci ma ki iya nuna layin da ya ba ki amsar da yatsa. In ba za ki iya nunawa ba, sa'a ce kika yi, ita kuwa ba kullum take kwana a gidan mutum ba. Wani abu kuma, amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai na kasuwa ba wahayi ba ne. Na sha kama kuskure a ciki. In kin ga amsa ta ƙi zama a ranki, ki kawo mu duba tare.

An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma mu da fensir da takarda muka rubuta tamu. Kana iya ja wa jimla layi, ka sa alama a gefe. Tun 2015 komai ya koma kan kwamfuta. Karatu a fuskar kwamfuta daban yake. Ido yana saurin gajiya, layi yana ɓacewa, ga agogo a gefe yana cin lokaci kana kallo. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar da za ki fara wannan. Ki yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gasken. Ki je inda ake atisaye da kwamfuta ko sau ɗaya a mako. Ki saba da maɓallan: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wannan na ƙarshen ki yi nesa da shi sai kin gama.

In kin raba awa biyu ga tambaya 180, kowace ta sami sakan 40. Kada lissafin nan ya tsorata ki. Wasu tambayoyin, irin na furuci da nahawu, ko kin sani ko ba ki sani ba, sakan goma sha biyar sun isa. Abin da kika tara a can shi za ki kashe a kan matanin. Malamai sun rabu a nan. Wasu na cewa a fara karanta tambayoyi, sannan a shiga matani farautar amsa. Ni ban bi wannan ba. Mai farautar kalma shi ne wanda amsa mai rigar aro ta fi kamawa. Na fi son ki karanta matanin sau ɗaya, daga kai har ƙafa, a natse, kamar mai sauraron babba. In kin kai ƙarshe ki ce a ranki, wannan mutumin abu kaza yake son faɗa. Sannan ki shiga tambayoyi. Kowace tambaya ki koma matanin ki gani da idonki. Kada ki amince da tunaninki, shi ne ya zubar da “gobe da yamma”.

In wata ta ƙi, ki fitar da biyun da kika tabbata ba su ba ne, ki zaɓi ɗaya cikin sauran, ki wuce. In lokaci ya ragu kya dawo. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ki bar gurbi ko ɗaya fayau. Na san wata ɗalibata da ta tsaya kokawa da tambaya ɗaya har minti shida. Ta ci ta kuwa. Amma tambaya tara na ƙarshe ko ganinsu ba ta yi ba.

Za ki ji ana raɗa cewa akwai masu sayar da amsa, ko masu ƙara maki in an tura musu kuɗi. Na san ba halinki ba ne. Ina faɗa ne don ranar da tsoro zai kama ki, wata ƙawa ta zo da lambar waya. Mafi yawansu 'yan damfara ne, su karɓi kuɗin su toshe layi. Wanda aka kama kuwa a soke sakamakonsa, sunan gidansu ya ɓaci. A ce ma an dace an shiga jami'a ta wannan hanya. Can littattafai ne masu kauri kamar tubali, kuma ba mai karanta miki. Wanda bai iya karɓar saƙon sakin layi huɗu ba, yaya zai yi da shafi ɗari huɗu? Kin ce aikin jinya kike so. Wata rana takardar likita za ki karanta, an rubuta a ba da magani kaza in zazzaɓi ya haura kaza. Wannan “in” ɗin, ran mutum ne a rataye da shi.

Daren jarrabawa ki yi barci. Karatun asuba na ranar ba ya ƙara komai sai ruɗani. Ki karya kumallo, ko da koko ne da ƙosai biyu. Ki isa wurin da wuri, don layin tantance yatsa yana da tsawo. In kin zauna gabanki yana dukan uku-uku, ki yi addu'arki, ki ja numfashi, ki bar layin farko ya shiga a hankali.

Na gaya wa babanki ya rage miki aiken yamma na wata uku, yayyenki maza su ɗauka, ba abin da zai same su. Ya amsa, ko da yake sai da ya yi gunaguni. Ranar Asabar bayan azahar ki zo. Ki taho da littafin tambayoyin nan naki da jaridar Juma'a. Akwai tsohon ƙamus ɗina a cikin adaka, bangonsa ya cire amma cikinsa lafiya lau, naki ne. Zan dafa dambu. Ki biya ta gidan maƙwabciyar nan tawa, ki ce ina gaishe ta, in ta sami sarari ita ma ta leƙo.